Idon Dama na Matsa-Kaɗan

A layin masu buga takardu, in ka tambayi mutumin nan da sunansa na gaskiya sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce Matsa-Kaɗan, har mai gadin bakin layi zai nuna maka shagon da leɓe. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba a taɓa nuna masa rubutu ba, a takarda ne ko a allon kwamfuta ko a jikin mota, face ya ɗan ja da baya, ya runtse idon hagu, ya karkata kai, ya ce, "Wancan harafin, matsa kaɗan." An yi fushi da shi, an yi masa dariya, daga baya aka gaji aka riƙa kawo masa aiki ya duba kafin a buga.

Da buroshi ya fara. Yana saurayi ya shiga hannun tsohon mai shagon, wanda ke rubuta allunan shaguna da fenti. Allon farko da aka bar masa, sai da ya ɗauko tef ɗin awo ya raba tazarar haruffan daidai wa daida, yana jiran yabo. Tsohon ya ja shi tsallaken titi ya ce ya duba. Wasu haruffan sun cunkushe kamar fasinjojin kujerar baya, wasu kuma kowa ya kama gabansa. A ranar ya koyi cewa harafi mai kafaɗa a miƙe da harafi mai ciki ba sa cin wuri iri ɗaya, kuma irin su O sai an bar su sun ɗan zarce layi sama da ƙasa, in ba haka ba sai su fito kamar ƙannen sauran. Tsohon ya karɓe tef ɗin ya jefa a aljihu, ya ce daga yau ya rufe ido ɗaya ya auna da ɗayan. Ya rufe na hagu, kuma bai sake sauyawa ba.

Da kwamfuta ta shigo, 'yan buroshi da yawa suka tattara gwangwanayensu suka nemi wata sana'ar. Shi ya zauna yana dannawa da yatsa biyu yana gumi, yara suna dariya a bayansa, har ya gano cewa haruffan cikin na'urar ma ba su fi ƙarfin gyara ba. Ya zama shi ke zaɓen salon rubutu na katin gayyata, da takardar jikin kwalba, da shafin intanet na makarantu da kantuna. Ya tsani siririn rubutu mai launin toka da samari ke so, yakan ce ai ba don sauro aka yi shafin ba, mutum ne zai karanta a waya yana tsaye cikin rana. Gaskiya mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya taɓa zuwa duba mara lafiya, aka neme shi aka rasa, ashe yana bakin ƙofa yana yi wa ma'aikaciyar jinya bayanin abin da ke damun allon ɗakin magani.

Matarsa ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta. A gidan nan ba ta da ikon rataye ko madubi. Duk abin da ta kafa a bango, zai shigo ya tsaya, ya runtse idon hagu, ya je ya taɓa shi da ɗan yatsa. Tun tana musu har ta daina, in ta sayo abu sai ta jingine shi a ƙasa ta jira shi. Hotunan 'ya'yansu, waɗanda duk sun girma sun bar gida, shi ya jera su a bangon falo a layi ɗaya, kuma baƙi kan yaba yadda suka miƙe.

Abin ya fara ne wata safiya a shago. Yana duba kan wani shafi, ya runtse idon hagu kamar kullum, sai ya ga layin rubutun ya lotsa a tsakiya. Haruffan gefe suna tsaye lafiya, na tsakiyar sun nutse sun matse juna. Ya goge allon da hannun riga. Ya goge tabarau. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Layin yana nan a lotse.

"Allon nan ya tsufa," ya ce wa mai shagon.

Mai shagon na yanzu ɗan tsohon ne, wanda Matsa-Kaɗan ya sha ɗauka a kafaɗa yana jariri, shi ya sa har yau Kawu yake ce masa. Bai yi gardama ba, ya sa aka kawo sabon allo. Yana tsaye ana haɗawa yake cewa, "Kawu, ai dole a kula da kai. Yanzu kowa da wayarsa yake haɗa talla, na'ura ce ke raba masa tazara. Abin da ya sa har yanzu ake tsallake shagunan layin nan a zo wurinmu, idon nan naka ne, ba wani abu ba."

Yabo ya yi niyya, Allah ya sani. Amma da aka kunna sabon allon, Matsa-Kaɗan ya runtse ido ya ga layin ya lotsa daidai inda ya lotsa a tsohon, sai maganar ta dawo masa da wata fuska. Ya ce, "Madalla, wannan ya fi," ya tashi ya shiga bayi ya daɗe bai fito ba.

Tsoron ba sabo ba ne a wurinsa. Mahaifinsa tela ne, kuma ido ne ya sauke shi daga kan keke tun da sauran ƙarfinsa. Matsa-Kaɗan yana tuna shi zaune a benci a ƙofar gida, hannuwa a kan gwiwa, masu wucewa suna ɗaga murya in za su gaishe shi sai ka ce kunnen ne ya tafi. Mutumin da ke gane ɗinki ya kauce tun daga nesa, ya koma ana gyara masa maɓallin riga. Wannan bencin ne ya riƙa tsaya wa Matsa-Kaɗan a rai, yana cin abinci yana ganinsa, yana cikin mota yana ganinsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko yaro zai iya, ya rufe idon dama ya duba da na hagu. Ya san da shi sarai. Sau da yawa hannunsa ya tashi zai kai fuska sai ya mayar da shi aljihu. In na hagun ma haka yake fa? Muddin bai duba ba, yana da sauran abin riƙewa. In ya buɗe duka biyun duniya tana nan yadda take, sai ɗan hazo-hazo da ba ya hana shi tsallaka titi, don haka ya lallaɓa ya ci gaba.

Ya koyi dabarun ɓuya. Aikin da a da zai tsefe shi harafi-harafi, yanzu sai ya bar shi yadda kwamfuta ta jera, ya ce ya yi. In maƙwabta sun kawo takarda ya duba, sai ya ce kansa na ciwo, ko ya riƙe ta jim kaɗan ya miƙa ya ce ba laifi. Mai injin yankan takarda na shagon gefe har ya leƙo yana tsokana, "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah, Matsa-Kaɗan ya tuba!" Aka yi dariya, shi ma ya yi ta yaƙe.

A gida ma bai tsira ba. Wata ranar hutu yana zaune a falo, ido ya kai shi kan hotunan, tsohuwar ɗabi'a ta motsa, ya runtse na hagu. Hoton 'yar autarsu da ke tsakiya ya sauka ƙasa da na yayyenta. Nan ya samu abin da zai ɗora wa laifi, wato ƙusa ta saki. Ya ɗauko guduma ya cire ta, ya ɗaga ta sama, ya buga, ya ja baya ya ga layi ya miƙe, har ya ji sanyi a ransa. Matar ta fito daga kicin da tsumma a hannu, ta dubi bangon, ta dube shi.

"Baban yara, kwana biyu sai murza idon nan kake yi. Da ka je an duba maka."

"Wa ya ce miki idona na ciwo?" Ya faɗa da ƙarfin da shi kansa bai zata ba. "Idon da gari guda ke kawo wa aiki, shi ne ke za ki tura asibiti?"

Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ta koma kicin. Ya bi bayanta da kallo, kunya ta kama shi, amma bai kira ta ba.

Ana cikin haka wata mai gidan burodi ta kawo aiki. Ta buɗe sabon shago a kan babban titi, tana son a rubuta GIDAN BURODI a saman ƙofa da haruffan ƙarfe, kowanne tsawon hannun mutum, a kafa su ɗaya bayan ɗaya a jikin bango. Matsa-Kaɗan ya zaɓi salo mai kauri mai zagayen baki, aka yanka, aka fesa jan fenti, duk wannan bai ba shi wahala ba. Ya so ya tura mai walda shi kaɗai da takardar awo, amma matar ta ce sam.

"Malam, ni ba takarda na biyo ba. An ce mini in kai ka tsaya, ko makiyi ba zai samu abin faɗa ba. Kai nake so ka tsaya."

Mai shago ya yi murmushi ya ce, "Kin zo wurin, Hajiya." Matsa-Kaɗan ya nemi hanyar zillewa ya rasa.

Ranar kafawa da hantsi suka isa. Mai walda, wanda suka daɗe suna aiki tare, ya kafa tsani, ya buga ƙusa a kowane gefe, ya ja igiya a tsakani don gindin haruffan ya zauna a kanta. Matsa-Kaɗan ya tsallaka titi ya tsaya inda ya saba tsayawa a irin wannan aiki. Ma'aikatan gidan burodin sun fito da fulawa a hannu, masu shagunan kusa sun leƙo, don an ba su labarin mutumin da ke auna rubutu da ido ɗaya. Ya goge tafin hannunsa a riga, ya yi addu'a a zuci cewa cikin hasken rana abin zai sake shi. Ya runtse idon hagu. Igiyar ta lotsa a tsakiya.

"Igiyarka ta saki," ya ɗaga murya saboda ƙarar motoci. "Ja ta."

Mai walda ya ja, ya ɗaure.

"Ƙara ja."

"Malam, in na ƙara za ta tsinke. Taɓa ka ji, har ƙara take yi."

Da a nan ya tsaya ya ce a bi igiya, da shi ke nan, ba wanda zai ce uffan. Amma mutane suna kallonsa, suna jiran abin da aka zo gani, kuma kalmar da ya faɗa a gaban allo ba iyaka ta riga ta hau harshensa.

"Bar igiyar nan, bi bakina."

Mai walda bai ga abin mamaki ba, don ya sha jin haka, kuma kullum Malam ne ke da gaskiya. Ya ɗora harafin farko, aka ce ya yi, ya huda bango ya ɗaure. Na biyu ma haka. Da aka doshi tsakiya sai umarni ya yawaita. Ɗaga kaɗan. Ƙara ɗagawa. Matsa dama, sun matse. Mai walda ya waiwayo sau ɗaya daga kan tsani, ya buɗe baki, ya fasa, ya ci gaba da huda. Duk harafin da aka ɗaure, sai Matsa-Kaɗan ya kawar da kai ya dubi ƙasa kafin ya buɗe idon hagu, don kada ya ga allon da ido biyu. Da aka ɗaure na ƙarshe ya runtse ya duba, rubutu ya miƙe sambal, ya ce, "Sauko."

Mai walda ya sauko ya tsallako ya tsaya kusa da shi. Ya dubi bangon, ya cire hula ya sosa kai, ya mayar.

"To," ya ce a hankali, "Malam ya fi mu gani."

Ba wanda ya tafa, ba wanda ya ce madalla. Ma'aikatan suka dubi juna suka sulale ciki. A daidai lokacin mai shago ya iso a kan babur, ya cire hular kwano, ya ɗaga kai. Matsa-Kaɗan ba allon yake kallo ba, fuskar yaron da ya goya yake kallo, kuma ya ga yadda murmushin ya tsaya a rabi. Mai burodin ta ƙaraso tana kare rana da hannu.

"Ni dai a idona kamar tsakiyar ta ɗan hau," ta ce. "Ko ni ce ban iya kallo ba?"

Mai shago ya saci kallon Kawunsa, ya yi gyaran murya. "Salo ne, Hajiya. Ba ki ga kamar burodi ya kumbura a tanda ba? Da gangan aka yi."

"Au, haka ne? To, tunda shi ya tsaya a kai, ni wace ce."

Ta juya za ta koma. Shi ke nan an wuce wurin, an rufa masa asiri, ba abin da ya rage sai ya yi shiru ya hau bayan babur. Gumi ne ya gangaro daga goshinsa ya shiga idon dama, ya yi masa zafi, ya zaro hankici ya danne shi ba tare da tunani ba. Idon hagu ya rage a buɗe shi kaɗai, yana fuskantar bangon.

Abin da ya fara gani igiyar ce, wadda mai walda bai kwance ba, a miƙe take tsaf daga ƙusa zuwa ƙusa. Daga kanta kuma haruffan suka tashi suka yi tudu, na tsakiyar sun bar ta da kusan tafin hannu, sun wage sun bar giɓi a tsakaninsu. Ko almajirin buroshi a makonsa na farko ba zai yi wannan ɓarna ba. Abu uku suka zo masa tare. Idon hagu lafiyarsa ƙalau, duk makonnin nan tsoron banza ya hana shi dubawa. Na dama kuwa, wanda ya ci abinci da shi tun yana saurayi, ya tafi. Kuma duk mutanen nan sun ga tudun, kowa ya ƙaryata idonsa saboda shi.

Wannan na ƙarshen ne ya fi ci masa rai. Ya tuna masu ɗaga wa mahaifinsa murya, ya gane cewa an riga an fara yi masa irin wannan ladabin.

"Hajiya, dakata," ya ce. Ba ta ji ba, sai da ya maimaita. Ya juya ga mai walda. "Hau ka kwance su. Daga na uku har na kusa da ƙarshe."

"Kawu," mai shago ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, "ta fa karɓa."

"Ba salo ba ne. Idonki daidai ya gani, Hajiya, tsakiyar ta hau. Nawa idon ne ya lalace." Ya nuna idon da hankicin. "Ya daɗe yana lanƙwasa mini layi, ban faɗa wa kowa ba. A bi igiyar, a toshe ramukan, a shafe su da fenti."

Mai burodin ta ce, "Subhanallahi, sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya," kuma da gaske take, amma ya lura ta ɗan ɗaga murya. Mai walda ya hau tsani ya fara kwancewa. Mai shago ya daɗe yana juya hular kwano a hannu.

"Gobe da safe zan zo in kai ka asibiti," ya ce.

"Aikin fa?"

"Kawu, mu ji abin da likita zai ce tukuna."

Bai ce akwai ba, bai ce babu ba, kuma Matsa-Kaɗan bai ga laifinsa ba. Ya ƙi hawa babur ɗin, ya ce zai taka. A hanya duk allon da ya wuce sai ya rufe idon dama ya gwada na hagu. Yana gani tar, amma bai san awo ba, kamar mutum ya ɗauki almakashi da hannun da bai saba ba. Ko zai koyu a wannan shekarun, ko mai shago zai iya jira, bai sani ba.

Da la'asar ya shiga gida. Matar tana ninke wanki a falo, ta yi mamakin ganinsa da wuri. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ɗora tafin hannu a kan idon dama, ya dubi bangon. Hoton 'yar auta ya ɗare sama da na yayyenta, abin da ko baƙon da ya leƙo daga ƙofa zai gani.

"Tun yaushe kika gani?" ya tambaya.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Tun ranar da ka buga ƙusar."

"Shi ne kika bar shi haka, kullum kina share ƙura a kansa?"

"Na ce ka je asibiti, ka kusa cinye ni ɗanya. Kuma Baban yara, tun ina amarya in na ce abu ya miƙe sai ka ce ya karkace. Wa zai yarda da idona a gidan nan?" Ta goge fuska da bakin mayafi. "Kullum in ka fita sai in tsaya ina kallonsa, ina roƙon Allah ya sa ka faɗa da bakinka kafin wani ya faɗa maka a waje."

Ya ba ta labarin gidan burodi a taƙaice, da zancen asibiti gobe. Ta ce da ita za a je, bai musa ba. Sannan ya ɗauko guduma a ƙarƙashin tebur, ya sauke hoton, ya zare ƙusar. Ya ɗora hoton a bango da hannu biyu, sai ya tsaya, don mai riƙe da hoto ba ya iya ja da baya ya duba.

"Je ki bakin ƙofa," ya ce, bai waiwayo ba. "Faɗa mini."

Ya ji takunta a bayansa, ya ji ta tsaya.

"Sauke shi ƙasa. A'a, ya yi yawa, mayar." Ya mayar. "Yanzu wajen taga. Matsa kaɗan."

Ya matsa. Ta ce ya yi. Ya sa alama da farce, ya ajiye hoton, ya buga ƙusar a inda ta ce, ya rataye, ya mayar da guduma ƙarƙashin tebur bai ja baya ya duba ba.